GOSHI A ƘASA SAU BIYU

Shafi na 23

Waɗanda suka cika mini akwatin saƙo jiya da cewa Dokman ne ya ja wa kansa, ku riƙe hukuncinku tukuna, ku bar shi ya gaya muku abin da aka nuna masa.

*

Manaja Meng ya juyo da kwamfutarsa ta fuskance mu, ya daidaita ta da yatsu biyu kamar mai ajiye wa baƙo abinci.

"Mai girma abokin hulɗarmu, sakan arba'in da ɗaya ne kacal. A daure a kalla."

Tun da muka shigo ban zauna ba. Kujerun ofishin masu nitsewa ne, in na shiga ɗaya sai an nemo ƙarti biyu su ciro ni. Ina tsaye na dafa bayan kujerar matata Miok. Shayin da aka kawo mini yana kan tebur, ban taɓa shi ba. Tun asuba ban sa ruwa a bakina ba.

Takardar da suka aiko mana tana hannun Miok, ta ninke ta, ta sake ninkewa, har ta koma kamar tikitin bas. Layi uku ce. Wai kamfanin inshora ya duba buƙatata ta kuɗin nakasa, ya gano bayana yana lanƙwasuwa fiye da abin da likita ya rubuta, don haka babu biya. Shekara goma sha tara ina zuba musu duk wata. Wata bakwai ke nan da na faɗo daga rufin gidan surukata, aka ɗaure mini ƙashin baya da kusoshi shida. Hutun jinyar da ma'aikatarmu ta ƙera jiragen ruwa ta ba ni saura kwana goma sha biyu ya ƙare.

Ya danna bidiyon.

Ɗakin makoki ne na ƙasan asibiti. Fararen furanni jere har sama, a tsakiyarsu hoton marigayi Maigida Ok da murmushin nan nasa na gefe ɗaya. Sai ga ni na shigo cikin baƙar kwat, ba takalmi sai safa. Na kunna turare na soke. Na ja da baya taku biyu. Na haɗa hannuwa a goshi, na sauka a hankali, gwiwar hagu, gwiwar dama, har goshina ya taɓa tabarma.

Na tashi.

Na sake sauka.

Daga gefe wata murya ta ce, "Yaya, bayanka fa?"

Ni kuma, goshina a ƙasa, na amsa: "Lafiya ƙalau."

Bidiyon ya tsaya cak.

"An ji ko?" in ji Meng. "Da bakin mai girma."

Miok ta ɗago kai ta dube ni daga ƙasa. Shekara ashirin da shida na san kallon nan.

"Tsaye ka ce mini za ka yi."

"Maman Suji..."

"Ka ce fure za ka ajiye ka sunkuyar da kai kamar 'yan coci. A bakin ƙofa ka rantse mini, ina tsugune ina ɗaura maka takalmi."

Na kau da kai gefe.

"To. Wannan namu ne, sai mun je gida." Ta juya ga Meng. "Kai kuma, ina tashinsa?"

"Na'am, uwargida?"

"Na biyun. Na ga ya sauka, ban ga ya tashi ba. Ko har yanzu yana can kwance?"

"Iyakar abin da ya zo hannunmu ke nan."

"Wa ya ba ku?"

"Wannan ba ni da izinin faɗa."

Ya jawo wata takarda mai zane-zane, an ɗauko hotona ina ƙasa an ja masa jan layi daga wuya zuwa ƙugu.

"Likitanmu ya auna lanƙwasar. Ya ce wanda ke da irin nakasar da ake da'awa ba zai iya wannan ba, balle sau biyu."

"Ina likitan?" na tambaya. "Na zo da shirin ya duba ni. In tuɓewa ce, yau na zo yadda zan iya tuɓewa gaban kowa."

"Likitanmu ba ya ganin mutane. Takardu yake dubawa."

"Ya sunansa?"

"Wannan ma ba ni da izini."

"Yana da baya?" in ji Miok. "Ko shi ma ba ka da izini?"

Meng ya yi murmushi. Yaro ne mai tsafta, bai wuce talatin da biyar ba, farcensa a yanke. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Da ya daka mini tsawa da na san yadda zan yi da shi.

"Manaja, ka san wane ne a hoton nan?"

"Bisa takardunmu, marigayin ba mahaifi ba ne, ba suruki ba, ba ɗan'uwa ba."

"Ina da shekara goma sha bakwai na sauko garin nan na Ulsan da jaka ɗaya, ba uba, ba takardar makaranta. Mutumin nan ya tsince ni a ƙofar ma'aikata. Shekara huɗu ina kwana a ɗakinsa tare da ɗansa. Shi ya riƙe hannuna ya koya mini walda. Ranar aurena shi ya zauna a kujerar uba. Ka ce in tsaya masa a tsaye kamar wanda ya zo karɓar saƙo?"

"Na fahimta ƙwarai."

"Ba ka fahimta ba. Kai in ka je makoki yaya kake yi?"

"Ni ai bayana lafiya yake, mai girma."

Na ji jini ya hau mini kai.

"Wato gaisuwar mamaci ta masu lafiya ce. Mu masu kusoshi mu tsaya a bakin ƙofa muna ɗaga masa hannu."

"Ban ce haka ba. Na ce takarda ba ta da gurbin wannan. Tambaya ɗaya take yi: ya lanƙwasa ko bai lanƙwasa ba. Kuma an tambaye ka, ka ce lafiya ƙalau."

"Me zan ce? Mutum ubansa na kwance a akwati, ya tambaye ni bayana, in fara yi masa lissafin ciwo? Ranar da na faɗo daga rufi ma da surukata ta tambaya cewa na yi lafiya ƙalau, ƙafafuna ba sa motsi! Duk ƙasar nan wa ka taɓa ji ya ba da wata amsa?"

"Shi ya sa muke ba abokan hulɗarmu shawara su riƙa kula da kalamansu."

Miok ta miƙe tsaye.

Meng ya yi sauri ya turo wata takardar. "Akwai hanya mai sauƙi. Kamfani zai ba da ɗan wani abu na jajantawa, mai girma ya sa hannu cewa magana ta ƙare. In ba haka ba, ana da zuwa ranar Juma'a a kawo sabuwar shaida."

Miok ta ɗauki takardar ta karanta, ta ɗauki kofin shayina da ban sha ba ta ɗora a kanta, a tsakiya, har da murzawa.

"Ga sa hannunmu," ta ce. Ta zari katinsa daga kan tebur. "Tashi mu tafi, Baban Suji. Au, ashe ma a tsaye kake. Manaja, rubuta wannan ma, ya iya tsayuwa."

*

Ba ta yi mini magana ba a cikin lif. Ba ta yi ba a bakin titi. Sai da muka tsaya jiran bas, ana yayyafi, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Daga wane gefe aka ɗauki hoton nan?"

"Oho."

"Kar ka yi mini oho. Kafaɗarka ta dama muke gani. Ƙofa tana bayanka. Wa ke tsayawa a gefen nan?"

Na juya ina leƙen bas.

"Baƙo ba ya taka wurin. Wurin 'ya'yan mamaci ne, masu ɗamarar makoki a hannu. Kuma Maigida Ok ɗa ɗaya ya haifa."

"Jepil ba zai yi mini haka ba."

"Muryar wa ka ji tana cewa Yaya?"

"Na ce miki ba zai yi ba."

"To mu je ya gaya mini da bakinsa."

"Mu je gida. Na gaji."

"Ka huta a shagonsa, yana da kujera mai tauri."

Na dubi agogo. Goma da rabi ta wuce. Awa biyar rabona da gida, kuma na san iyakar awannin da jikina yake ba ni. Amma bas ya tsaya, ta riga ta hau, ta miƙo mini hannu.

A hanya ina riƙe da ƙarfe ina ta juya abin. Kamfanin inshora yana so in zama gurgu kafin ya biya ni. Ma'aikata tana so in zama lafiyayye kafin ta mayar da ni. Shugaban rukuninmu, Tak, ya yi mini alkawarin aikin duba walda, ba ɗaukar nauyi, in dai likitan ma'aikata bai ga wani abu ba bayan ciwon baya. Ranar Juma'a in je in rantse na lalace, sati na sama in je in rantse na gyaru. Jikin kuma ɗaya ne. Na tambayi kaina a wane ofishin ne zan zama maƙaryaci, na rasa, don a kowanne rabin gaskiya na shirya kaiwa.

*

Shagon Jepil yana kallon ƙofar ma'aikata. Shekara takwas ke nan da ya ajiye walda ya koma dafa romon ƙashin sa, duk 'yan rukuninmu nan suke cin abincin rana. Mun tarar da shi shi kaɗai yana jera ƙananan kwanonin kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji, a tebura, tukunya tana tafasa a baya.

"A'a! Yaya! Matar Yaya! Yau wace rana? Ku zauna, ku zauna, ga ta nan mai taurin, ba wanda nake bari ya hau ta. Yaya ka rame. Matar Yaya ba kya ba shi abinci ne?"

"Baban Hojun," in ji Miok, "ajiye kwanon nan."

Ya ajiye.

"Ka san wani Meng?"

"Meng... Meng... Oh, yaron inshora! Mai ladabin nan. Ya zo nan watan jiya, ya ci kwano biyu. Ai na gyara muku hanya sosai. Kuɗin sun fito?"

Na zauna.

"Me ka gaya masa?" na ce.

"Gaskiya mana. Ya ce kamfaninsu yana son sanin wane irin mutum ne kai kafin su biya. Na ce zauna in gaya maka. Na ce a ma'aikatar nan kaf ba mai amana irin Yaya Dokman. Na ce mutumin da kusoshi shida ke bayansa ya cire ɗamarar asibiti, ya zo tun bakwai na safe ya kai goshi ƙasa sau biyu gaban babana. Ya ce anya kuwa? Na ce anya? Tsaya ka gani da idonka."

"Ka nuna masa."

"Har sai da ya share ido, Yaya. Ya ce irin wannan ya kamata manyansu su gani. Ya roƙe ni da hannu biyu in tura masa."

"Ka tura."

"Na tura mana. Me ya faru? Me ya sa kuke kallona haka?"

Miok ta warware takardar nan mai layi uku, ta shimfiɗa ta a tsakanin kwanonin kimchi. Jepil ya goge hannu a jikin rigarsa, ya sa tabarau, ya karanta. Ya sake karantawa, leɓensa na motsi.

"Ba haka ba ne," ya ce. "A'a. Ai yabo na yi."

"Yabonka ya cinye mana shekara goma sha tara," in ji Miok.

"Cewa ya yi hali yake tambaya! Ɗan banzan yaro! Kwano biyu! Har ƙarin nama na yi masa, na hana shi biya!"

"Kai dai ka cika wawa, Jepil," na ce. "Tun muna yara. Kowa ya yi maka murmushi sai ka buɗe masa ciki."

"Yaya, ka doke ni. Ga ludayi, ka doke ni."

"Wa ma ya ce ka ɗauki hoto a ɗakin makoki? Biki ne?"

"Inna ce. Tana kwance a gidan jinya, ba ta iya zuwa, ta ce sai ta ga waɗanda suka zo wa mijinta. Na jingina wayar a bayana kan tebur. Da ta gan ka, Yaya, kuka ta yi, ta ce ashe tsohon bai yi renon banza ba."

Na zo da fushin da zai ƙona shagon, na rasa inda zan ajiye shi. In na ɗora wa Jepil, laifinsa shi ne ya yi alfahari da ni. In na ɗora wa kaina, laifina shi ne na gaida wanda ya rene ni. Wanda ya kamata ya ɗauka yana can hawa na tara da yankakken farce, kuma shi ko ƙarya ɗaya bai rubuta ba.

Miok ba ta rasa ba.

"Ka ce jingina wayar ka yi."

"Eh."

"Wato ba a hannunka take ba. Ba kai ka tsayar da ita ba."

Jepil ya dube ni.

"Waya ba ta gajiya a sakan arba'in da ɗaya, Baban Hojun. Ina sauran?"

"Babu saura."

"Kalle ni."

"Matar Yaya, romo zai ƙone."

"Ya ƙone. Wa ya yanke hoton, kai ko Meng?"

Ya sake dubana. Na girgiza masa kai kaɗan. Ta gani.

"Au. Ashe ku biyu ne."

"Maman Suji, tashi mu tafi."

"Ni na yanke," in ji Jepil, kansa a ƙasa. "Kafin in kai wa Inna. Meng yankakken ya samu."

"Cikakken yana nan?"

Ya gyaɗa kai.

"Minti nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

"Minti goma sha huɗu yana ƙasa?"

"Bai iya tashi ba, matar Yaya. Na ɗaga shi ya yi ƙara. Sai da..."

"Jepil!"

"Yaya, wannan ne zai fitar da kai! Duk wanda ya ga sauran nan ba zai ce bayanka lafiya yake ba. Ko likitan nasu makaho ne!"

"Ka yi mini alkawari gaban hoton babanka."

"Na yi. Amma ban san zai ci gidanka ba."

Miok ta miƙa hannu. "Ba ni wayar."

"In ka ba ta, ni da kai mun gama," na ce.

Jepil ya tsaya tsakaninmu, ƙato mai shekara hamsin, idonsa ya kawo ruwa. Ya zaro wayar daga aljihu. Ya lalubo hoton, ya ajiye ta a kan tebur, daidai tsakiya, ba kusa da ni ba, ba kusa da ita ba. Ya ja da baya.

Ta riga ni. Kullum tana riga ni yanzu.

Ban taɓa gaya wa kowa abin da ke cikin mintunan nan ba. A sauka ta biyu wani abu ya tsarga mini daga ƙugu zuwa ƙafa kamar na taɓa wayar wuta. Lokacin da na ce lafiya ƙalau, na riga na ji ɗumi yana bin cinyata. A kan tabarmar makoki, gaban hoton Maigida. Jepil ya rufe ƙofa. Ya tuntsurar da butar ruwa da gangan a wurin, ya goge da rigarsa. Ya ja ni ɗakin baya ya canza mini wando kamar jariri, yana cewa, "Ba komai Yaya, Baba ma a ƙarshe haka yake yi." Tun ranar abin bai daina ba. Likitana bai sani ba. In ya shiga takarda, likitan ma'aikata zai gani. Ba a tura mai irin wannan cikin jirgi, inda bayan gida yake tafiyar minti ashirin da tsani uku.

Miok tana riƙe da wayar. Ba ta kunna ba.

"Ba sai na kalla ba," ta ce, muryarta ta sauka. "Ka fita da wandon da na goge maka, ka dawo da wani da bai kai maka idon sawu ba. Ka ce mini a mota ya tattare."

Na dubi tebur.

"Mutumin da shekara ashirin da shida bai san inda sabulun wanki yake ba, rana ɗaya ya fara wanke wa kansa kaya. Kana zaton ban buɗe akwatin kayan waldarka ba? Famfas ɗin manya a ƙarƙashin gilashin fuska. Har unguwar Bango kake hawa bas ka sayo don kar mai kantin maganinmu ta gane ka."

"Kin sani."

"Wata biyu. Duk safiya ina tambayarka ya jiki. Duk safiya. Ina jira ko sau ɗaya ka ba ni wata amsa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ni ma 'yar ƙasar nan ce, ai. Na ce in rufa maka asiri." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Shi ya rufa maka, ni na rufa maka, kai ka rufa wa kanka. Mun yi ta rufawa har Meng ya zo ya zauna a kai."

Ta fito da katin Meng, ta ajiye a gefen kwano. Ta fara danna lambobin a wayar Jepil, ɗaya bayan ɗaya.

"Me kike yi?"

"Juma'a jibi ce."

"In kika tura, aikin ya tafi. Tak ba zai iya kare ni ba."

"In ban tura ba, ka koma aiki da famfas a akwati, ka hau tsani uku da ƙafar da ba ta jin ƙasa, wata rana su kira ni in zo in tsaya a gefen dama da baƙaƙen kaya. Kai kuma a sa hotonka cikin furanni, su zo su kai maka goshi ƙasa. Shi kake so?"

"Mutane goma za su zauna a ofis su kalle ni a haka. Su mayar baya, su sake kallo, su ja jan layi."

"Su kalla. Su suka nema."

"Ba jikinki ba ne!"

Ta tsaya. Na ga maganar ta shige ta.

"Gaskiya ne," ta ce. "Ba jikina ba ne."

Ta ɗora babban yatsanta a saman wurin turawa, ba ta taɓa ba.

"Shi ya sa ba zan danna ba sai ka ce. In ka ce a'a, in goge lambar, in ba shi wayarsa, mu koma mu sa wa Meng hannu a takardar jajantawa. Amma da bakinka za ka faɗa, kuma ba kalmar nan ba. Na gaji da ita. In na sake jin ta daga bakinka, na rantse da kan Suji, gidan uwata zan kwana."

Jepil ya ce, "Yaya..."

"Yi mini shiru."

Daga tsallaken titi jiniyar sha biyu ta tashi.

Na san abin da ke biyo bayanta. Na yunƙura in tashi, na dafa tebur, sai na ji abin nan ya tsarga mini daga ƙugu, irin na ranar. Kuma yau ban sa komai ba. Na bar famfas ɗin a akwati da asuba, don na zaci likitansu zai ce in tuɓe.

Na koma na zauna. Na matse gwiwoyina.

Ƙofa ta buɗe. Ma'aikata masu kaya ruwan toka suka cika shagon, riguna da huluna da ƙarar takalman ƙarfe, mutum goma sha wani abu, duk na san sunan 'ya'yansu. A gabansu Tak, yana karkaɗe ruwa daga hularsa.

"Kai! Wa nake gani? Yaya Pyo Dokman da kansa! Ku zo ku ga wanda ya gudu ya bar mana aiki!"

Suka kewaye teburin. Wani ya dafa kafaɗata. Tak ya ja kujera ya zauna dab da ni, gwiwarsa tana taɓa tawa.

"Jiya na kai sunanka ofis, saura likita kawai ya sa hannu. To gaya mini gaskiya, Yaya, gaban kowa. Ya jikin?"

Ɗumin ya fara sauka.

Jepil ya kai hannu ga butar ruwa.

Miok ba ta dubi kowa ba sai ni, yatsanta a saman wayar.

Na buɗe baki.